Jan Ƙulli a Teburin Majalisa

Masu karatu, ku gyara zama. Na ga abin da kuke rubutawa a ƙasan labarin nan, wai mutum ya kai hamsin ba biyu, gemu ya yi fari, amma ya kasa buɗe baki ya ce wa mace yana sonta. Na ji. Ba ku yi ƙarya ba.

Wanda yau ya fara shigowa kuma, ga ni a taƙaice. Ni ne direban keken asibiti, keke mai ƙafa uku da aka kafa wa gado a baya. Aikina ɗauko mata masu naƙuda daga ƙauyuka zuwa ƙaramin asibitinmu. Ɗaki uku ne asibitin, da tankin ruwa, da maigadi, da ungozoma guda ɗaya. Ita ce Sista. Shekara shida muna aiki tare, shekara huɗu ina haɗiye magana.

Wata ƙungiya ce daga ƙasar waje ta gina wurin, ita ke kawo magani da man keke. To ƙungiyar ta ce ƙarshen wata za ta naɗe kayanta, can gida an rage musu tallafi. In majalisa ba ta sa gwamnati ta karɓi ƙananan asibitocin nan ba, kwaɗo za a sa. Yayan Sista kuwa tuni ya samo mata aiki a wani babban asibiti a birni, ya ce ranar Asabar zai zo da mota ya kwashe ta. Da na tambaye ta ko za ta bi shi, ko kallona ba ta yi ba, tana wanke almakashi ta ce, "In an rufe, me zan zauna yi, Malam Direba? Gadin tanki?"

Akwai wata mata da ke yawo tsakanin asibitoci irin namu da 'yan majalisa, muna ce mata Mai Tabarau. Ita ta samo wa Sista minti uku a gaban kwamitin lafiya da yawan jama'a, ranar Alhamis ƙarfe biyu. Ni rakiya kawai zan yi, in riƙe jaka.

Ranar da safe Yayata, wadda ta riƙe mini yara tun rasuwar uwarsu, ta shimfiɗa farar rigata a kan tebur tana guga kamar rigar ce ta yi mata laifi.

"Namiji da kai," ta ce, "za ka je gaban manya ana zancen haihuwa da tazarar haihuwa. Ko kunya."

"Rakiya zan yi, Yaya."

"Rakiya. Shekara huɗu kana rakiya. Wanda ya yi rakiyar shekara huɗu ai ya ɓata hanyar gidansu."

"Ki bar wuyan rigar haka, zai ƙone."

"Ya ƙone ɗin. Ko dai ka nemi matar nan kamar mutum, ko ka bar ni in nemo maka wata. Na gaji da dafa wa tsoho shayi."

Na sa rigar, na sa baƙin takalmin da na goge tun jiya, na ɗora hula. Ina cikin duba madubin da ya tsage a gefe sai waya ta yi ƙara. Wani mutum ne daga ƙauyen bayan rafi. Matarsa tun asuba take durƙushe, abu ya ƙi.

Ban tsaya cire riga ba. Na tattare ta zuwa gwiwa na hau keke.

Da na shigo da matar, Sista tana bakin ƙofa cikin shirin tafiya. Doguwar riga ruwan toka, mayafi mai ɗan ratsin shuɗi, takalmi rufaffe da ban taɓa ganin ta da shi ba. Ta yi kyau, na faɗa muku gaskiya, har sai da na manta ban ja birki ba. Ta ajiye jakarta a kan benci, ta shiga da matar. Minti goma ta fito, mayafin ya koma ɗaurin kai, safar hannu a hannunta.

"Ɗan a karkace yake. Ba inda za ni."

"Sista, ƙarfe biyu fa."

"Na san agogo." Ta buɗe jaka ta zaro takarda shafi biyu ta miƙo mini. "Kai za ka je."

"Ni? Aji uku na yi, kin sani. Wannan da harshen ofis aka rubuta ta."

"Zan karanta maka ita a waya in na samu sarari, ka kunna musu. Bar wa maigadi makullin keke, ai kai ka koya masa tuƙi."

"In na je na kwafsa fa?"

Ta dube ni daga hula har takalmi, wanda laka ta riga ta ci rabinsa. "Ka taɓa kifar da mace a hanya?"

"A'a."

"To kada ka fara da ni." Ta juya ta shige.

Na miƙa wa maigadi makulli. Har na yi taku uku na dawo, na kwance igiyata daga jikin kan keken, na naɗe ta na cusa a aljihu. Ban san dalili ba. Shekara shida ban taɓa tafiya na bar ta ba, shi ke nan.

Bari in gaya muku zancen igiyar nan. Ranar da aka ba ni keken, an ba ni da wani littafi mai layi-layi, wai in riƙa cike suna da lokaci. Na gwada kwana biyu, na ga kafin in gama harafi ɗaya mace ta haihu a bayana. Sai na samo siririyar farar igiya. Duk matar da na kawo ta fita da ranta, in ɗaura ƙulli. Wadda ba ta fita ba, in naɗa baƙin zare a kan ƙullin. Ƙarshen wata Sista ta ƙirga ta zuba a littafinta, tana dariya tana ce wa igiyar kwamfutar Malam Direba. Amma ko sau ɗaya lissafinta bai saɓa da nawa ba.

Awa uku muka yi a motar haya. Ina matse tsakanin wani mai buhu da taga, saƙonta ya shigo. Murya ce, minti biyu da rabi, tana karanta takardar da sauri, a bayanta ana jin nishin matar nan. A ƙarshe ta ce, "Ka cire hularka in sun ce a cire. Kada ka yi musu da kowa. Na san halinka." Sai wani a rubuce: "Ka ci wani abu."

Na saurari na ƙarshen nan a raina ya fi sau goma, ko da yake rubutu ne.

Mai Tabarau na tsaye a ƙofar majalisa da fayil a ƙirji. Ta leƙa bayana, ta sake leƙawa.

"Ina Sista?"

"Tana karɓar haihuwa."

"Yau? Baba, wata biyar ina bin magatakarda kafin ya sa sunanta a jerin nan. Wata biyar."

"Ɗan bai san da jerin ba, Hajiya."

Ta cire tabarau ta murza ido, ta mayar. Ta ruga ciki, ta dawo da wani kati mai igiya ta rataya mini a wuya, an rubuta wakili. Ta zaro wata riga mai gajeren hannu da rubutu a gaba ta ce in ɗora. Na ce Yayata ta ɓata safiya guda a kan wannan rigar, ba zan rufe ta ba. Ta ce to, Allah ya kyauta.

A ƙofa ta biyu aka ce kowa ya kashe waya ya sa a akwati. Na ce wa ɗan sandan maganata a ciki take. Ya ce ko maganar wa ce, ba ta shiga. Ya laluba aljihuna ya zaro igiya, ya yi ta ja tana fitowa.

"Wannan fa, Baba?"

"Takardata ce."

Ya juya ta, ya shinshina, ya dubi abokinsa. Abokin ya ce, "Bar shi, ba ta kai ta rataye kowa ba."

Ɗakin kwamitin sanyi kamar cikin firji. Dogon tebur mai lanƙwasa, mutum kusan ashirin a bayansa, kowa da robar ruwa da abin magana a gabansa. A tsakiya wata dattijuwa mai farin mayafi, ita ce Shugaba. A bango agogo mai jan lamba, yana ƙirgawa baya. Waɗanda suka riga ni duk masu kwat ne, suna nuna zane a allo, suna faɗin kashi kaza cikin ɗari. 'Yan majalisar wasu na danna waya a ƙarƙashin tebur, su ba a karɓe tasu ba. Ɗaya har ya fara gyangyaɗi. Wani ma'aikacin ƙungiyar Mai Tabarau yana gefe da kyamara a kan ƙafa uku, ban kula da shi ba. Ku riƙe wannan.

Aka kira wakili. Na zauna, tafinta ya zauna kusa da ni, ya danna mini abin maganar, jar fitila ta kama. Agogo ya nuna minti uku.

Na buɗe takardar Sista. Layin farko gaisuwa ce, na san haka, amma kalma ta uku doguwa ce kamar jirgin ƙasa. Na ɗauko ta daga kai, na faɗi a tsakiya. Na sake ɗaukowa. Wani ya yi tari. Wani matashin ɗan majalisa mai agogon zinare ya rufe baki da hannu. Na ɗaga kai, agogo ya cinye minti ɗaya cur.

Na tuna maganar Sista: ban taɓa kifar da mace ba, kada in fara da ita.

Na ninke takardar na ajiye. Na ce wa tafinta, "Ɗana, abin da na faɗa za ka faɗa, kada ka yi masa kwalliya." Na miƙe, na zaro igiya, na ɗora bakinta a gaban Shugaba, na bi teburin ina warwarewa. Magatakarda ya taso zai tare ni, Shugaba ta ɗaga masa hannu. Igiyar ta wuce gaban mutum goma sha ɗaya kafin ta ƙare.

Na dawo wurin abin magana.

"Ranki ya daɗe, ni direba ne, ban iya karatu ba, kun gani da idonku. Wannan kowane ƙulli mace ce da na ɗauko a kekena. Ɗari shida da goma sha huɗu. Ku taɓa, ba ta cizo. Masu baƙin zare huɗu ne, su ba su koma gida ba, na san sunan kowacce da ƙofar gidanta. Daga ƙauye mafi nisa zuwa asibitinmu minti arba'in ne. In kun rufe shi, zuwa babban asibiti awa uku ne, in ba a yi ruwa ba. Macen da jini ya ɓalle mata ba ta da awa uku. Ban karanta a littafi ba, a bayana ake yi."

Mai gyangyaɗin ya farka. Na ga yatsu sun fara bin ƙulli.

Sai wani babban mutum mai kauri, a can ƙarshen tebur, ya danna nasa abin maganar. Bai bi ta tafinta ba, kai tsaye ya yi mini.

"Malam, mun san irin waɗannan asibitocin. Baƙi su zo da kuɗinsu, su raba wa matanmu ƙwayoyi, su rage mana yawa. Yanzu sun gaji sun tafi, ku kuma kuna so mu ɗauki aikinsu. Kai da gemunka, ka yarda da wannan?"

An ce kada in yi musu da kowa. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani, na kai daƙiƙa biyu.

"Ranka ya daɗe, ƙirga igiyar da ke gabanka. Kowane ƙulli mutum biyu ne, wani uku. Ni ƙara muku yawa nake yi, da man keke lita biyu. Abin da ke rage mu rami ne da nisa."

Aka yi 'yar dariya. Agogo ya buga sifili, fitila ta fara ƙiftawa. Magatakarda ya buɗe baki, Shugaba ta ce, "Bar shi." Bakin igiyar na hannunta. "Wannan na farkon fa, Malam? Shi kaɗai ne ja."

Masu karatu, abin da zan faɗa yanzu ko Yayata ban taɓa faɗa wa ba. A gaban baƙi ashirin na fara faɗinsa, ku ne na biyu.

"Wannan matata ce, ranki ya daɗe. Ita ba a kekena ta hau ba, lokacin babu keke, babu asibiti. Haihuwa bakwai ta yi mini a shekara tara. Bayan ta shida wata malamar asibiti ta ce jikinta ya gaji, a bar ta ta huta shekara biyu ko uku. Ta zo ta same ni da maganar, tana jin kunya, tana wasa da bakin zaninta. Na ce ba a gidana ba. Irin maganar da mai girma ya yi yanzu, ita na yi, har na fi shi iya faɗi. Ta bakwai ta zo da rana tsaka. Na ɗauko ta a bayan motar itace. Mun yi awa biyu a hanya, kanta a cinyata. Saura awa ɗaya."

Tafinta ya tsaya, ya sha ruwa, ya ƙarasa.

"Ba baƙo ne ya kashe ta ba. Ni da hanya muka haɗu. Hanya ba ta da kunne, ni ina da shi, ban ji ba. Shi ya sa na ɗaura ta a farko, duk ƙullin da zan yi sai na wuce ta kanta. Ban zo in ce ku hana kowa haihuwa ba. Na zo in ce wadda ta ce ta gaji a saurare ta, wadda ta durƙusa kuma a samu mai kama ta kusa. Baƙi sun riƙe mana shekara shida, sun gode wa Allah sun tafi. Matan namu ne. Ban san wa kuke jira ya zo ya riƙe muku su ba."

Mai kaurin yana juya wani ƙulli mai baƙin zare a tsakanin yatsunsa.

Matashin nan mai agogon zinare ne ya ɓata mini rana. Ya duba jerin sunaye ya ce, "A nan ungozoma aka rubuta. Me ya hana ta zuwa? Kuma kai mene ne naka da ita da har za ka wakilce ta?"

"Tana can hannunta a cikin aiki, akwai ɗan da ya zo a karkace. Ta zaɓi ta tsaya a kansa da ta zo ta gan ku, kada ku ji haushi."

"Ban ji amsa ta biyun ba."

Da na ce direbanta ne, da an wuce wurin. Amma bakin da ya riga ya buɗe ya faɗi wancan, wannan ba ta yi masa nauyi ba.

"Ita ce matar da zan aura, in ta yarda. Ban gaya mata ba tukuna."

Dariyar da aka yi har mai kaurin sai da ya dafe tebur. Mai Tabarau ta kifa fuska a kan fayil. Shugaba ta buga ɗan gudumarta tana murmushi, sannan ta gyara fuska.

"Malam, ban yi maka alkawarin komai ba. Kwamiti ba ya yanke hukunci a kan igiya. Amma ranar Litinin ni da mutum uku za mu zo mu ga wurin kafin mu rubuta rahoto." Ta nuna mai kaurin da biro. "Har da mai girma. Kuma ba a motarmu za mu shiga ƙauyen ba, a gadon kekenka za ka ɗauke mu."

"Akwai rami, ranki ya daɗe."

"Shi za mu je gani."

Na tashi zan naɗe igiyata, magatakarda ya dafe ta. Wai doka ce, duk abin da aka shimfiɗa a gaban kwamiti ya zama na kwamiti, lamba za a sa masa a ajiye. Na ce ba ta ƙare ba, akwai ƙullin yau da ban ɗaura ba. Muka tsaya ni da shi, kowa da gefensa. A ƙarshe ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko almakashi, ya yanko mini wutsiyarta kamar tsawon hannu. Na bar musu sauran, har da jan ƙullin. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar matata ina ɗauke da ita ni kaɗai. Su ma su ɗan riƙe.

A waje na karɓi wayata na kunna. Mai Tabarau ta biyo ni tana haki.

"Baba, ka san kyamarar nan kai tsaye take watsawa a shafinmu?"

"Kai tsaye ina?"

"Ko'ina. Na tura wa Sista tun kafin ka shiga ta kalla."

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Saƙon murya biyu. Na matsa gindin wata bishiya na danna na farko.

"Mace aka samu, ƙarfe biyu saura. Uwa lafiya, 'ya lafiya. Ɗaura ƙullinka."

Na ɗaura a guntuwar igiyar, da haƙori na ja shi ya zauna. Sannan na danna na biyu. Ina jin kukan jaririya daga nesa.

"Malam Direba. Na ce kada ka yi musu, ka yi. Na ce ka kunna musu takardata, ka ninke ta. Wannan duk na yafe." Ta ja numfashi. "Amma maganar da ka iya faɗa wa mutum ashirin da kyamara, ni da nake ba ka shayi kullum ba ka da bakin faɗa mini? Yaya bai jira Asabar ba, yau ya zo. Yana zaune a bencin nan muka kalla tare, da shi da maigadi da dangin mai jego. Ya ce in ɗauko jakata. Na ce jakata ba za ta ɗauru ba sai bayan Litinin. Ya ce to mai gemun ya zo ya maimaita a gabansa, ba abin magana, ba tafinta. Ya ce in rana ta faɗi bai gan ka ba, ya san amsarsa."

Na dubi rana. Ta karkata, amma da sauranta. Awa uku ce hanyar, na fi kowa sani.

Na tura mata kalma biyu, ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba: "Ina hanya."

Na cusa guntuwar igiya a aljihu, na tattare farar rigar da Yayata ta goge zuwa gwiwa, na nufi tasha da gudu, takalmi na cizon ƙafata. Majalisa minti uku ta ba ni, na ɓata ɗaya. Yayanta ko rabin minti ya ba ni, ba zan ɓata ba.